Yadda na haɗa wakilin AI da aikin tatso farashi daga intanet

Aikin da aka ba ni mai sauƙin faɗa ne. Wani Alhaji da ke sayar da kayan sola a Kano, fanel da batir da inbata, yana so kowace safiya kafin ya buɗe shago ya san nawa manyan shagunan intanet da wasu dillalan Legas ke sayar da irin kayan da yake da su. A da yaronsa ne ke zama da waya yana buɗe shafi bayan shafi yana rubutawa a littafi, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashin kayan waje ya daina zama wuri ɗaya, abin da aka rubuta ranar Litinin ba ya kai Alhamis. Ni ina ɗan taɓa Python, wani yaren rubuta shirye-shiryen kwamfuta. Na taɓa rubuta wani ƙaramin shiri da BeautifulSoup, kayan aikin Python na karanta shafukan intanet, mai kwaso farashi daga shafi guda, amma duk ranar da masu shafin suka sauya fasalinsa sai shirin ya mutu, sai na zauna na sake ɗinke shi. Da na ji ana ta maganar haɗa wakilin ƙirƙirarriyar basira, wato AI mai iya gudanar da aiki mataki-mataki, da kamfanonin da ke tatso bayanai, ya riƙa yin aikin da kansa, sai na ce wa Alhaji zan gwada. Na rubuta wannan domin wanda zai bi hanyar ya san inda ake jira, inda ake biya, da inda mutum ke zaton ya gama alhali ko rabi bai kai ba.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne ashe abubuwa uku ne daban, kowanne da nasa lissafin. Akwai AI ɗin kansa, irin su Claude ko ChatGPT ko Gemini, wanda ke karanta umarni ya yanke abin da za a yi. Akwai kamfanin tatso bayanai, mai tarin kwamfutoci da burauza da ke ziyartar shafi su dawo da abin da ke ciki; Apify na birnin Prague da Firecrawl da Bright Data duk wannan ce sana'arsu. Na uku shi ne abin da ke haɗa su, ƙa'idar MCP, wadda kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamban 2024 ya bar ta a buɗe ga kowa, OpenAI ma ya karɓe ta a watan Maris na 2025. Aikinta ta jera wa AI kayan aikin da ke hannunsa, kowanne da sunansa da bayanin abin da yake yi da abin da ake cika masa, shi kuma ya zaɓi wanda zai kira, amsa ta dawo masa, ya ci gaba. Bidiyoyin koyarwa da na kalla duk daga tsakiya suke farawa. Mai bayani ya riga ya buɗe asusu, ya riga ya biya, sai ka ga ya danna abu ɗaya komai ya tashi. A wajenmu kuwa matakin da suke tsallakewa shi ne ya fi cin rai.

Buɗe asusu a kamfanin tatso bayanai bai ba ni wahala ba: imel, lambar tabbatarwa, shi ke nan. Yawancinsu suna ba da ɗan kiredit kyauta, Apify misali na dala 5 ne duk wata, kuma ya isa gwaji. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Wajen biyan AI ne. Kuɗin wata da mutum ke biya don hira da manhaja daban yake da kuɗin makulli, wato lambar sirrin da shiri zai yi aiki da ita ba kowa a gaban kwamfuta. Na biyun sai ka zuba dala tukuna, a riƙa cirewa gwargwadon abin da aka karanta da abin da aka rubuta. Na saka katin naira, aka ƙi karɓa. Na je banki da sassafe, na karɓi lamba, na zauna har rana ta take, sannan wata ma'aikaciya ta yi mini bayani cikin mutunci cewa irin katina ba ya biyan waje. Ta ce in ina so in buɗe asusun dala, in kawo katin shaida, takardar biyan wuta, hotuna, da mutum biyu masu asusun karant da za su tsaya mini. Na fito jikina a sanyaye, don na san neman waɗannan mutum biyun kaɗai zai ci mako. Bankuna da dama sun rufe biyan waje da katin naira a 2022, wasu sun sake buɗewa a 2025 da iyaka, saboda haka kafin ka yi komai tambayi bankinka halin da katinka yake ciki.

Abin da ya fisshe ni katin dala ne na cikin waya, irin wanda manhajojin hada-hadar kuɗi ke bayarwa. Sun nemi BVN da NIN, suka ce in ɗauki hoton fuskata da na katin shaida, aka ce in jira. Hoton farko sun mayar da shi wai haske bai isa ba, sai washegari aka amince. Akwai kuɗin yin katin, canjinsu ya ɗara na kasuwa, kuma idan aka zo cirar kuɗi babu isasshe a ciki suna cin tara. Abu biyu zan ja kunnenka a kai. Adireshin da za ka cika wajen biya shi ne wanda manhajar ta rubuta a jikin katin, ba na gidanka ba. Sannan ka zuba fiye da abin da aka rubuta, domin wasu kamfanonin waje suna ɗora harajin VAT na kashi 7.5 a kan 'yan Najeriya, in kuɗin ya gaza da 'yan santi sai a ƙi biyan gaba ɗaya.

Da makullan biyu, na AI da na kamfanin tatso bayanai, suka zo hannu, sai haɗawa. Don gwaji na yi amfani da Claude Desktop, manhajar Claude ta kwamfuta, a kan Windows. Akwai wani fayil mai suna claude_desktop_config.json, a cikinsa ake rubuta sunan sabar MCP, wato shirin da ke miƙa wa AI kayan aikin, umarnin da zai tayar da ita, da makullin sirri. Yawancin sabobin nan da wani umarni mai suna npx ake tayar da su, wanda ke nufin sai an saka manhajar Node.js da yake zuwa da ita a kwamfuta tukuna, kuma ranar farko sai ya sauko da kaya masu ɗan nauyi, don haka a tanadi data. Na rubuta komai, na rufe manhajar na buɗe, babu ko kayan aiki ɗaya da ya bayyana. Babu saƙon kuskure, shiru kawai. A nan na fi jin takaici a duk tafiyar, domin ban san ko makullin ne, ko intanet ɗina, ko katin ba. Dalilan da na tarar ƙanana ne har abin ya ba ni dariya daga baya. JSON, tsarin rubutun da fayil ɗin yake bi, ba ya yafe waƙafi ɗaya da ya yi saura a ƙarshen layi. A Windows, sandar nan mai karkata baya da ke cikin adireshin fayil sai an rubuta ta biyu-biyu. Danna alamar rufewa kuma ba ya kashe manhajar, tana nan a ɓoye kusa da agogo, sai an fitar da ita daga can sannan ta sake karanta fayil ɗin. Akwai kuma jakar da take ajiye bayanan abin da ya faru, kusa da fayil ɗin. Duk amsar tana ciki, can ya kamata mutum ya fara leƙawa.

Da ya tashi, gaskiya na ji daɗi. Na rubuta masa da Hausa ma, na ce ya duba mini farashin inbata mai 5kVA a shafi kaza, na ga ya kira kayan aikin, ya jira, ya dawo da tebur tsaf. A daren na kira Alhaji na ce, “Ranka ya daɗe, abin nan fa ya yi.” Ya ce, “To Injiniya, Allah ya yi albarka, gobe sai mu gani.”

Gobe ta yi, na ba shi dukan jerin kayan shagon, na ce ya nemo farashinsu a duk shafukan. Sai ya zama kamar ka aiki sabon yaron shago kasuwa ka ba shi jakar kuɗi ba ka ba shi takardar saye ba. Ya buɗe shafin bincike, ya bi wani mahaɗi, ya faɗa shafin tallar janareta, ya dawo, ya sake buɗe wanda ya riga ya buɗe. Kowace buɗewa kamfanin tatso bayanai na cire kiredit, kowane shafi da ya dawo kuma AI na karanta shi da kuɗi. Kamfanonin AI da tokin suke awo, wato gutsattsarin kalmomi, ana lissafi a kan miliyan, abin da ya rubuta ya fi abin da ya karanta tsada. Ɗanyen shafin HTML na shagon intanet kuwa, wato rubutun da aka gina shafin da shi, akasarinsa tarkace ne, menu da talla da rubutun da ido ba ya gani, farashin da kake nema layi ɗaya ne a ciki. Ga wani abin da ban taɓa ji an faɗa ba: a kowane zagaye ana sake aika masa duk abin da ya gabata a cikin hirar, saboda haka shafin da ya karanta a farko ana ta biyansa har ƙarshe. Kafin azahar kiredit ɗin kyauta ya kusa ƙarewa, hirar ma ta cika ya daina karɓa. Nan take na shiga allon asusun kowane kamfani na saka iyakar abin da za a iya kashewa a wata.

A wannan ranar ce kuma na fara cin karo da lambobin kuskure biyu da shafuka ke mayarwa, waɗanda za ka saba da su. 403 na nufin shafin ya hana ka shiga, 429 na nufin ka cika ƙwanƙwasawa. Kamfanonin tatso bayanai suna sayar da hanyoyin kaucewa, su bi da kai ta adireshin intanet na gidajen mutane, kuma wannan ya fi tsada nesa ba kusa ba. Ni dai ban bi nan ba. Kowane shafi yana iya ajiye fayil mai suna robots.txt da ke faɗin inda ya yarda na'ura ta shiga da inda bai yarda ba. Al'adar tun 1994 take, aka rubuta ta a matsayin ƙa'ida a 2022. Tun watan Yulin 2025 kuma Cloudflare, kamfanin tsaron intanet da shafuka da yawa ke fakewa bayansa, ya fara toshe na'urorin AI kai tsaye ga sababbin shafukan da suka shigo. Na zauna na karanta robots.txt da sharuɗɗan amfani na kowane shafi a jerin Alhaji. Ɗaya ya rubuta ƙarara cewa bai yarda a kwashi bayanansa da na'ura ba, na cire shi. Wani dillalin kuma da Alhaji ya kira shi da kansa, sai ya ce ai ba sai an sha wahala ba, yana da jerin farashi a Google Sheets, ya turo mahaɗin. Kira ɗaya ya yi abin da na kwana ina fama da shi.

Daga nan na sauya tsarin gaba ɗaya. Na daina ba wakilin kayan aikin da ke buɗe duk shafin da ya ga dama, na rubuta tawa ƙaramar sabar MCP da Python. Ba wani babban aiki ba ne: kana rubuta aikinka yadda ka saba, ka ɗora masa alamar kayan aiki, bayanin da ka rubuta a kansa kuma shi AI ke karantawa ya san lokacin da zai kira shi, don haka a rubuta bayanin da kyau. Kayan aiki uku na ba shi. Ɗaya yana tayar da tatsowa a kan jerin adireshin da ni na zaɓa, ba ya karɓar wani daga waje. Na biyu yana duba ko an gama. Na uku yana dawo da sakamakon bayan an tace shi, suna da farashi da ko akwai kayan da adireshin shafin. Dalilin raba na farko da na biyu shi ne shafukan da sai burauza ta gama lodin su kafin farashi ya fito suna ɗaukar lokaci, manhajoji da dama kuma suna yanke jiran amsa bayan kamar minti ɗaya. Idan kayan aikin ya tsaya jira, wakilin zai ɗauka ya faɗi ya sake kira, ka biya sau biyu. Wani tarkon kuma: idan sabarka tana magana da manhajar ta hanyar stdio, wato bututun shiga da fitar rubutu na shirin, kada ka yi amfani da print, umarnin fitar da rubutu, don ganin abin da ke faruwa, domin ta wannan bututun saƙonnin ke bi, kalma ɗaya taka za ta ɓata su. A tura bayanan dubawa ta stderr, bututun da aka ware don saƙonnin kuskure. Akwai wata manhajar gwaji mai suna MCP Inspector da ke ba ka damar kiran kayan aikinka da hannu ba tare da AI ba, ba ka biyan kamfanin AI ko kwabo. Da ita na gyara kusan komai.

A nan ne na ga inda wakilin ya cancanci kuɗinsa, kuma ba wajen buɗe shafi ba ne. Wajen gane kaya ne. Wani shagon zai rubuta inbata 5kVA, wani 5000W, wani 5kW, alhali ba lallai su zama abu ɗaya ba, domin mai 5kVA da ke da ma'aunin ƙarfi na 0.8 ainihin abin da yake ɗauka 4kW ne. Batirin lithiyam mai 51.2V da 100Ah shi ne dai wani ke kira 5.12kWh, wani ya taƙaita ya ce 5kWh, wani ya rubuta 48V. Wani farashin na batir ɗaya ne, wani na biyu haɗe, wani har da kuɗin ɗaurawa. Tsohon shirina ba zai taɓa rarrabe waɗannan ba, sai in rubuta masa sharaɗi ɗari. Wakilin kuwa yana karantawa ya daidaita su da jerin Alhaji, inda ya yi shakka ya sa alama. Amma sai da na sa masa takunkumi. Wata safiya ya kawo farashin wani batir da ya yi arha fiye da hankali. Da na bi sawu, kayan ya ƙare a shagon, babu farashi a shafin, sai ya ɗauko na wani ƙaramin batir da aka jera a ƙasa cikin kayan da suka yi kama. Da Alhaji ya yi aiki da wannan lambar, da ya karya farashinsa a banza. Yanzu duk lambar da ya bayar sai ya haɗa da adireshin shafin da layin da ya gani, wani ɗan shiri marar basira ya duba ko lambar tana cikin gurbin farashin kayan, in kuma ta yi nisa da ta jiya a ware ta sai mutum ya duba.

Akwai abu biyu da ban ji ana yawan faɗa ba, kuma sun fi batun kuɗi nauyi. Duk abin da aka tatso daga shafi AI yana karanta shi, kuma mai shafi na iya ɓoye rubutu a ciki mai kama da umarni, ya ce a manta da abin da aka faɗa a baya a yi kaza. Wannan sananniyar hanyar kai hari ce, ƙungiyar tsaron manhajoji ta OWASP ta sa ta a farkon jerin haɗurran irin waɗannan manhajoji. Shi ya sa wakilin da ke karanta shafukan waje ban ba shi imel ba, ban ba shi ikon goge fayil ba, ko makullan sirri ba ya gani. Na biyu, shafukan talla cike suke da sunaye da lambobin wayar masu sayarwa. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta shafi tattara irin waɗannan, akwai kuma hukumar NDPC da ke sa ido. Farashi nake nema, don haka tacewar tana zubar da suna da lamba tun kafin su isa ko'ina.

Saura a sa shi ya riƙa tashi da kansa. A kwamfutata ba zai yiwu ba, ranar da babu wuta ko data ta ƙare babu farashi. Ana iya hayar ƙaramar saba, wato kwamfutar da ke kunne kullum a intanet, a kan dala 5 ko 6 a wata, amma na zaɓi GitHub Actions, tsarin shafin GitHub na tayar da shiri a kan kwamfutocinsu, wanda ke ba da minti 2,000 kyauta duk wata ga ma'ajiyar shiri da ba ta jama'a ba. Makullai a sashen sirrinsa ake ajiye su, kada a kuskura a rubuta su cikin shirin. Agogonsa da lokacin UTC, ma'aunin lokaci na duniya, yake aiki, mu kuma muna gaba da awa ɗaya, don haka in kana son ƙarfe 6 na safe a Kano sai ka rubuta 5. Takardunsu ma sun faɗa cewa aikin da aka tsara daidai kan awa na iya jinkiri saboda cunkoso, sai na matsar da nawa zuwa 5:17.

Kai saƙon ga Alhaji ma sai da muka ɗan ja. Shi WhatsApp ya sani. Na ce, “Ranka ya daɗe, na kasuwanci da shiri ke aikawa da shi yana da rajista da kuɗin saƙo, na Telegram kuwa kyauta ne.” Ya ce, “Injiniya, ni kada ka ƙara mini wata manhaja a waya.” Muka tsaya a kan cewa saƙon zai riƙa zuwa Telegram ɗin yaronsa, shi ya duba waɗanda aka ware, ya tura masa.

In da wani zai tambaye ni ta ina zai fara, zan ce ya fara da katin biya da iyakar kashewa kafin ya rubuta layi ɗaya, ya kuma kira masu shafukan da ya sani ya tambaya ko suna da jerin farashi. Duk aikin da ke maimaita kansa kullum, buɗe adireshi kaza a lokaci kaza, shiri na yau da kullum ya fi arha ya fi amana. A bar wa AI wurin da ake buƙatar fahimta, a ba shi abin da aka tace, a duba abin da ya faɗa. Da na koma wannan tsarin ma na sauka zuwa ƙaramin samfurin AI mai arha, kuma ban ga bambanci a daidaita sunayen kaya ba. Masu shafuka har yanzu suna sauya fasali, sai dai yanzu in tatsowa ta dawo babu komai, saƙon gargaɗi ne ke zuwa mini maimakon tebur na ƙarya. Farkon kowane wata ina buɗe allon lissafin kamfanonin biyu, in zuba dala a katin kafin ranar cirewa, in sake karanta robots.txt na shafukan da ke jerin. Shafin nan da ya hana na'ura kuwa, har gobe yaron Alhaji ne ke buɗe shi da hannu.